Mace ɗaya, inji ɗaya: ni na samu lita 3.1, shi ya samu 4.6

Likitan Dare: Assalamu alaikum jama'ar gida. Manyanmu da ke nan a taimaka don Allah, yau da asuba mun sha musu ni da abokin aikina har nas ta ce mu fita waje mu ƙarasa. Mai jego ce aka kawo daga wani ƙauye ta wajen Argungu, sati biyar da haihuwa, ƙafafu sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai dai a jingine, awon jini 90 bisa 60, zuciya na buga 110 a minti. Dangi sun tsaya a kanmu wai a sa mata ƙarin ruwa tunda jini ya yi ƙasa. Muka ce bari mu sa eko, wato injin hoton zuciya, mu ga nawa zuciyar ke turawa a minti kafin a rataya leda. Ni na auna na samu lita 3.1, shi ya karɓi furob, kan injin da ake ɗorawa a ƙirji, bayan minti goma ya samu lita 4.6. To wanne za mu rubuta a fayil?

Admin: Wa'alaikumus salam Dakta. Na goge hoton da ka turo, sunanta da lambar kati sun fito a saman sikirin. Ka yanke wajen ka sake turowa.

Likitan Dare: Afuwan, barci ne a idona wallahi.

Cif Mai Eko: Kada ka turo mani lita tukuna. Turo abu uku na kowannenku, faɗin makwararar da jini ke fita zuciya ta cikinta, VTI wato nisan da jinin ya yi a bugu ɗaya, da bugun zuciya a lokacin.

Likitan Dare: Ranka ya daɗe VTI duk 11 muka samu, bugu 110. Faɗi ne ni santimita 1.8, shi 2.2.

Cif Mai Eko: To ai ka ba kanka amsa. Jinin da kuka gani yana tafiya iri ɗaya ne, a kan milimita huɗu kuke faɗa.

Ɗalibar Aji Biyar: Cif don Allah a sauko da mu ƙasa-ƙasa, mu da ba mu taɓa riƙe furob ba. Ta ina milimita huɗu za ta zama lita ɗaya da rabi? Kamar abin ya yi yawa.

Cif Mai Eko: Ƙanwata bari in fara daga tushe. Abin da zuciya ke turawa a minti ɗaya lissafi ne mai sauƙi, jinin da ta watsa a bugu ɗaya sau yawan bugu a minti. Babban mutum lafiyayye yana zaune, bugu ɗaya kamar mil 60 zuwa 100, a minti kuma lita 4 zuwa 8. Ƙirga bugu ba wuya, ko da yatsa a wuyan hannu. Wahalar ita ce sanin na bugu ɗaya ba tare da an huda mutum ba. Dabarar da muke yi, duk jinin da zai bar ɗakin hagu na ƙasa ya shiga babbar jijiya awota dole ya bi ta wata 'yar makwarara da ke ƙarƙashin bawul ɗin, ita ce za ki gani an rubuta LVOT. Sai mu ɗauke ta kamar bututu zagayayye. In kin san girman bakin bututu, kin kuma san nisan da jini ya yi a cikinsa a bugu ɗaya, kin san yawan abin da ya wuce. Girman baki shi ne faɗi sau faɗi sau 0.785. Nisan kuwa shi ne VTI, Dopla ke ba mu shi a santimita, na lafiyayye yakan kama 18 zuwa 22. Ki gwada da faɗi 2.0, VTI 20, bugu 75: baki 3.14, sau 20 ya ba ki kusan mil 63, sau 75 ya zama lita 4.7.

Ɗan Fadama: Cif wanga bayani ai namu ne na masu injin ban ruwa. Ni famasis ne amma gonar shinkafa ta koya mani shi tun kafin jami'a. Tiyo inci biyu da tiyo inci uku, wanda bai sani ba sai ya ce bambancin inci ɗaya tal, amma bakin mai inci uku ya ninka na inci biyu har da ɗoriya, in ruwa na gudu ɗaya a cikinsu kafin mai inci biyu ya cika fangali huɗu shi ya cika tara. Duk wanda ya taɓa sayen fetur na rani a fadamar Argungu ya san wanga lissafi a aljihunshi.

Cif Mai Eko: Allah ya biya ka, shi ke nan. Faɗi ana ninka shi da kansa ne, don haka kuskurensa ma ninkuwa yake. 1.8 yana ba da baki 2.54, sau 11 mil 28, sau 110 lita 3.1. 2.2 yana ba da 3.80, sau 11 kusan mil 42, sau 110 lita 4.6. Kuskuren kashi 10 cikin ɗari a faɗi yana komawa kusan kashi 20 a amsa. Kuma milimita biyu a sikirin ɗin tsohon inji ai kaurin farin layin nan ne kawai, hannu ya ɗan girgiza ka wuce shi.

Likitan Dare: To waye ya yi daidai a cikinmu Cif? Don yana nan cikin gurup yana karantawa ya yi shiru.

Abokin Musu: Ina nan. Jira nake a yanke hukunci in karɓi tsirena.

Cif Mai Eko: Daga hoton da ya dawo yanzu, babu mai cin tsire. Kai Likitan Dare ba ka yi zumin ba, kuma ka tsayar da hoton bawul yana rufe. Ana aunawa ne a tsakiyar matsawar zuciya, bawul a buɗe, daga gefen ciki zuwa gefen ciki, dab da inda ganyen bawul suka kafu, a hoton da ake ɗauka ta gefen ƙashin ƙirji na hagu. Shi kuma abokinka layinsa ya karkace, ya ja shi a gicciye kamar mai yankan atamfa da son kai. Ku koma ku yi zumin, ku auna sau uku. Ina zaton za ku faɗo wajen 2.0.

Baba Likita: Ni dai ina kallonku ina dariya. Shekara talatin da ɗoriya ina duba masu jego tsakanin Yauri da Zuru, ba eko ba komi. Mace ta zo ba ta iya kwanciya, jijiyar wuya ta cika ta miƙe, ka sa abin saurare ka ji bayan huhu na ƙara awa ana murza gashi, hanta ta sauko, mi kaka jira inji ya gaya maka? Wagga zuciya ta gaza, ruwa ya yi mata yawa, wanda duk ya rataya mata leda ya nutsar da ita. Ku yaran yanzu kuna musu kan milimita majinyaciya na haki.

Anti Matron: Baba ka faɗi gaskiya. Ni abin da nika dubawa tafin ƙafa da ledar fitsari. In ƙafa ta yi sanyi awa randa, fitsari bai kai abin kirki ba cikin awa huɗu, na san jini bai isa inda ya kamata. Kuma Dakta kafin ku gama musunku ai ni na riga na ɗaga mata kan gado na sa mata oksijin.

Likitan Dare: Anti mun gode, kuma gaskiya ba mu sa ruwan ba. Amma Baba da girmanka, akwai wadanda ba su fito fili haka. Watan jiya mun samu wata ita ma mai jego, jini ya yi ƙasa, ga zazzaɓi, ga ɗan kumburi, rabinmu na cewa zuciya ce rabi na cewa ƙwayoyin cuta ne suka shiga jini daga mahaifa. Ɗaya na son a janye ruwa ɗaya na son a ƙara. A irin wannan kunne da yatsa ba su raba gardama.

Baba Likita: Wanga kam na yarda. Na sha tsayawa bakin gado ina ƙirga carbi a zuci.

Mai Sa Barci: Baba ai ko Turawan da suka fi mu kayan aiki sun daɗe suna neman lambar nan, kuma da wahala suka same ta. Adolf Fick ya kawo lissafinsa tun 1870 a Jamus, cewa in ka san oksijin da jiki ke sha a minti da bambancin oksijin tsakanin jinin da ya fita da wanda ya dawo, za ka fitar da yawan jinin. Amma samo jinin da ya dawo ɗin sai an shiga har cikin zuciya ta dama. Werner Forssmann a 1929 kansa ya zura wa siririn tiyo ta jijiyar hannu har zuciya ya je ya ɗauki hoto, daga baya ya samu kyautar Nobel a 1956 tare da Cournand da Richards. Sai 1970 Swan da Ganz a Amurka suka fito da tiyo mai 'yar balan-balan a baki wanda jini ke ja har jijiyar huhu, ana tura ruwan sanyi a auna yadda zafin jini ya sauya a gaba. Shi ake gwada sauran hanyoyi da shi har yau. To ku gaya mani a ina za mu yi wannan ga matar da mijinta ya sayar da buhun shinkafa ya kawo ta? Ga tsada, ga haɗarin huda huhu, ga rikicewar bugu, ga ƙwayoyin cuta. Eko kuwa jel ne da wutar lantarki.

Abokin Musu: Wutar lantarki ka ce kamar abin banza. Jiya sau biyu inji na mutuwa ina tsakiyar zagaye VTI, kafin a ta da janareto hoton ya tafi. Jel ma mu muke haɗa kuɗi mu saya.

Ɗalibar Aji Biyar: Cif saura VTI ɗin, ta yaya sauti ke sanin nisan da jini ya yi?

Cif Mai Eko: Kin taɓa tsayawa bakin titi motar asibiti ta taho da jiniya? Tana tunkaro ki sautin siriri ne, tana wuce ki sai ya yi kauri. Christian Doppler ya bayyana wannan a 1842, shi a kan hasken taurari ma yake magana. Furob na aika sautin da kunne ba ya ji, ya bugi jajayen ƙwayoyin jini ya dawo, sauyin da ya samu shi ke nuna gudunsu. Inji sai ya zana gudun a kowane ɗan lokaci, bugu ɗaya ya fito kamar tsinin mashi yana kallon ƙasa. Ke kuma ki bi gefensa da alama ki zagaye, filin da ke ciki shi ne nisan. Ana kwantar da mutum a gefen hagu, a sa furob a ƙasan nono inda zuciya ke harbi, a ɗan ɗaga shi har makwararar ta bayyana, a ajiye 'yar ƙofar Dopla kamar rabin santimita zuwa ɗaya kafin bawul. In kin tura ta cikin bawul gudu zai ƙaru ki samu lambar ƙarya mai daɗin gani. Sai kuma kwana. Dole sautin ya bi layi ɗaya da jinin. Karkata ta digiri 20 tana cin kashi 6 cikin ɗari, ta digiri 30 kashi 13, in ta kai 60 rabi ya tafi. Kullum ragewa take yi, ba ta ƙarawa. Eko ɗin kansa ba sabon abu ba ne, Edler da Hertz suka fara shi a garin Lund na Suwidin a 1953, da injin duba tsagewar ƙarfe da suka ara a wajen ƙera jiragen ruwa.

Mai Sikanin Jega: Yallabai ni ina da injin duba ciki a shagona, zan iya yin wannan da shi?

Cif Mai Eko: Furob ɗin ciki mai lanƙwasa yana da faɗi, haƙarƙari na tare shi. Na zuciya ɗan ƙarami ne da ke shiga tsakanin haƙarƙari biyu. Kuma sai injinka na da Dopla mai ƙofa, wanda ake rubuta PW. Ko ƙananan nan da ake jonawa da waya ba dukansu ke da shi ba, a duba kafin a saya. Sannan ka zo ka zauna da mu wata biyu tukuna, kar ka fara ba mutane lita a takarda.

Likitan Dare: Mun koma Cif. Da zumin, sau uku, 2.0, 2.0, 2.1. Mun ɗauki 2.0. Ya ba da mil 34 da rabi a bugu, lita 3.8 a minti. EF kuma, wato kason jinin ɗakin hagu da ke fita a bugu ɗaya, da ido bai wuce kashi 25 cikin ɗari ba, ɗakin hagu ya buɗe sosai.

Abokin Musu: To 3.8 ai dab da 4 yake, kenan ba ta yi muni ba kamar yadda yake ta kururuwa.

Cif Mai Eko: A nan ne lambar minti ke yaudara. Dubi yadda aka tara 3.8 ɗin, cokali-cokali ne da gudu. Mil 34 rabin abin da ya kamata ne, zuciyar ta rufe giɓin da bugu 110. Kamar mai ɗiban ruwa da gwangwanin madara yana sheƙa gudu tsakanin rijiya da randa, randa za ta nuna kamar ana cika ta, amma je ka dubi mai gudun. Nawa ne tsawonta da nauyinta, kuma jininta nawa?

Likitan Dare: Santimita 158, kilo 50 har da kumburin. PCV, wato kason jajayen ƙwayoyi a jini, 24.

Cif Mai Eko: Faɗin jikinta kusan murabba'in mita 1.48 kenan, in ka raba 3.8 da shi ka samu wajen 2.6, ana son 2.5 zuwa 4. Tana bakin gaɓa. Kuma mai ƙarancin jini irin wannan kamata ya yi zuciya ta tura fiye da na kullum don ta rama, yadda mai ciki ma nata ke ƙaruwa da kashi 30 zuwa 50. Wadda ya kamata a gan ta a sama aka same ta a bakin ƙasa, ai ka san akwai magana.

Ɗalibar Aji Biyar: To me ya sa ba za a tsaya a EF kawai ba tunda shi kowa ke tambaya?

Cif Mai Eko: EF kaso ne, kashi nawa na abin da ke ɗakin ya fita. Bai gaya miki mil nawa ba, bai kuma gaya miki ta wace ƙofa ba. Yaran nan masu ciwon bawul da ya biyo bayan ciwon maƙogwaro, waɗanda muke gani kullum a kilinik, bawul ɗin mitiral na yoyo, EF zai nuna 65 ki yi murna alhali rabin jinin baya yake komawa wajen huhu. VTI na makwarara shi ke nuna wanda ya tafi gaba. Sai dai shi ma yana da inda yake faɗuwa. In bawul ɗin awota ne ke yoyo, jinin da ya fita ya dawo ya sake fita duk za ki ƙirga shi. In akwai toshewa a makwararar kanta lissafin ya lalace. In bugu ba tsari irin na AF, kowane bugu da nasa tsayi, sai kin zagaye biyar zuwa goma kin raba. Kuma makwararar da muke cewa zagayayya, hoton CT ya nuna a yawancin mutane ta fi kama da ƙwai, don haka sau da yawa muna rage mata girma.

Baba Likita: To kun ji. Inji mai ƙarya ta hanya biyar.

Mai Sa Barci: Baba shi ya sa ni a tiyata da ɗakin masu tsanani na daina damuwa da lita. Faɗin makwararar babban mutum ba ya sauyawa tsakanin safe da yamma, to me zai sa in riƙa sake auna abin da ya fi kowane kawo kuskure? VTI nake bi, shi da bugu, a mutum ɗaya, hannu ɗaya, waje ɗaya. Kuma ga gwajin da ba ya cin ko sisi, wanda zai raba gardamar mai zazzaɓin nan ta watan jiya. Mutum na jingine, ka auna VTI, ka kwantar da bayansa ka ɗaga ƙafafu digiri 45, jinin ƙafafu da na ciki ya gangaro zuciya kamar ka ba shi ƙarin ruwa na aro, ka sake aunawa cikin minti ɗaya. In ya ƙaru da kashi 10 zuwa 15, zuciyar na da wurin karɓar ruwa. In bai motsa ba, ledar da za ka rataya huhu za ta tafi. Ka sauke ƙafa aron ya koma.

Anti Matron: Wagga dai kar wanda ya kwantar mani da ita, ko hilo ɗaya aka cire sai ta fara haki.

Mai Sa Barci: A'a Anti, ita tata a fili take, ba ta buƙata. Don masu ruɗarwa nake faɗa.

Ɗan Fadama: Tambaya ta gefe, kunun kanwa da wankan jego fa? Uwar miji na nan ta iso da fulas na gani a baranda.

Baba Likita: Tun shekarun 1970 Davidson da Parry sunka rubuta a Zariya kan ciwon zuciyar masu jego, sunka danganta shi da kanwa da ruwan zafi da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta. Da shi munka tashi.

Cif Mai Eko: Haka ne Baba, amma aikin da Farfesa Kamilu Karaye da abokansa suka yi daga Kano ya fi karkata ga ƙarancin sinadarin seleniyam, rama, talauci da hawan jinin ciki. Ko ma dai mene ne asalin, kanwa gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, zuciyar da ke tura mil 34 ba ta da wurin ajiye shi. A karɓi fulas ɗin da lalama, kar a kunyata tsohuwa gaban surukai.

Anti Matron: Na karɓa tun ɗazu, na ce mata likita ya ce sai bayan kwana bakwai, kafin nan mu san yadda za mu yi da ita.

Likitan Dare: Salam, sabon bayani bayan kwana uku. An ba ta allurar fitar da ruwa da sauran magungunan da Cif ya rubuta, kilo uku sun sauka, daren jiya ta yi barci da filo biyu. Na bar faɗi a 2.0 ban sake taɓa shi ba. VTI ya hau 14, bugu ya sauko 92. Na buga lissafi ya ba ni lita 4.0. Daga 3.8 zuwa 4.0 kawai, da lita zan nuna wa mijin sai ya ce kuɗinsa sun tafi a banza.

Cif Mai Eko: Mil 34 ya koma 44, bugu ya ragu da 18. Rubuta su ukun a fayil daban-daban, da faɗin da ka yi amfani da shi, don wanda zai karɓe ka kar ya sake aunawa ya ta da sabon musu. A kuma zauna da ita da mijin kan tazarar haihuwa kafin sallama, a ba ta ranar dawowa eko bayan wata shida.

Abokin Musu: To tsiren fa? 2.0 ya fi kusa da wa?

Ɗan Fadama: Tsakiyarku ya faɗo cif, kowa ya kauce da milimita biyu. Ku haɗa kuɗi ku saya wa Anti.

Anti Matron: Ku sayo jel tukuna, na ƙarshe ne a kan inji kuma an riga an yanke gindin robar ana lakato shi da yatsa.